Rubutun Fensir a Cikin Konsatinar Mama

Litinin, 12 ga Oktoba, 1981, ƙarfe goma na safe

An binne Mama ranar Juma'a. Yau na wanke zannuwan gadonta, na mayar wa maƙwabciyarmu Tess Mescall kujeru da kofunan da muka ara. Mutane sun zo da yawa, har daga Kilrush. Fada, limamin cocinmu, ya yi magana mai kyau a kanta, ya ce mace ce da ta san abin da ake bari saboda Allah. Na ji daɗin wannan, don gaskiya ne.

Nuala ta koma Limerick tun daga maƙabarta, ko gidan ba ta biyo ba. Abin da ya faru a kicin ranar Alhamis, gawa na kwance a ɗaki, ba zan rubuta shi ba. Yarinyar da za ta ɗauko abin kiɗa a gidan mutuwa, a gaban baƙi, ita ta jawo wa kanta. 'Ya ɗaya gare ni, kuma ba haka na raine ta ba. Limerick ce ta koya mata, da gidajen giyar da na ji an ce tana kiɗa a ciki.

Talata, 13 ga Oktoba, biyu na rana

Na sauko da konsatinar daga alkukin da ke jikin bangon murhu. Can take zaune tun ina yarinya, inda danshi ba ya kai wa. Ƙaramin abu ne mai kusurwa shida, da zugazugin fata a tsakiya, da maɓallai ta kowane gefe. Mama ta ajiye ta a 1938, ta rantse ba za ta ƙara taɓa ta ba, kuma ba ta ƙara ba. Shekara arba'in da uku. Wannan labarin na sha ba Nuala tun tana ƙarama, don ta san irin gidan da ta fito.

Zan sayar da ita. Muddin tana gidan nan, yarinyar za ta riƙa kallon alkukin.

Na gaya wa Senan muna cin abinci. Ya daɗe yana ɓare dankalinsa, sannan ya ce in ɗan jira a yi addu'ar cika wata guda da rasuwa tukuna. Na ce mijin da bai buɗe baki ba ranar Alhamis ba shi da abin cewa ranar Talata.

Laraba, 14 ga Oktoba, sha biyu na rana

Mai kawo wasiƙa ya wuce, bai tsaya ba.

Alhamis, 15 ga Oktoba, bakwai na yamma

Ban je ɗinkin matan coci a Kilrush ba yau, karo na farko cikin shekara talatin in ban da watan da na haihu da makon rasuwar Mama. Na wuce Ennis da ita a cikin jakar kasuwa, wurin wani Mista Considine da ke gyara kayan kiɗa a wani lungu bayan kasuwa. Mutum ne mai kimanin shekara sittin, kantinsa na warin manne da taba.

Na gaya masa irin ta Jamus ce mai araha, wadda ake sayarwa a kantin kayan ƙarfe da, in ya ba ni fam biyar na gode. Ya share teburinsa, ya shimfiɗa tawul, sannan ya karɓe ta da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri.

Ya ce ba ta Jamus ba ce. Na Jamus fuskarsu katako ce, maɓallansu ashirin. Wannan fuskarta farin ƙarfe ce da aka sassaƙa da hannu, maɓallanta talatin, kuma na ƙashi ne. Ya nuna mini wani ɗan hatimi tsakanin maɓallan da ban taɓa lura da shi ba, da sunan maƙerin, mutumin London. Ya ce wannan maƙerin ba ya sa lamba, don haka da kamannin aiki ake gane shekarunta, da adon ruwan zinariya da ke jikin fatar, da yadda aka buga hatimin. A ganinsa an ƙera ta kafin 1900. Na tuna kawuna Mikey ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Ingila, ƙila shi ya kawo wa Mama.

Sai ya sa hannu a maɗaurin ya ja ta. Na ce ya bari, ban zo jin kiɗa ba. Ya tambaye ni wa ke kaɗa ta a gida. Na gaya masa yadda abin yake.

"Misis Hehir," in ji shi, "ki yi haƙuri. Konsatinar da ta shekara arba'in a ajiye, asu kan cinye auduganta, harsunanta su yi tsatsa, fatar ta tsage tun jan farko. Wannan ba ta yi wata biyu da sauka daga hannun mutum ba."

Na ce 'yata ta taɓa ta sau ɗaya makon jiya. Ya ce sau ɗaya ba ya cinye ƙashi, ya nuna mini maɓallai biyar da suka lotsa kamar matakalar coci. Ya ce in bar masa ita mako guda ya kwance ta, sai an ga ciki ake sanin daraja.

Mutum ne mai yawan magana. Irinsu sukan faɗi abin da zai sa a ɗauke su masana.

Da muka iso gadar da ke kusa da gida, Pakie direban bas bai busa ham ba. Kullum yakan busa sau biyu. Na ɗauka don makoki ne, na yaba masa a raina.

Juma'a, 16 ga Oktoba, uku na rana

Zafin murhu ne ya kiyaye ta. Shi ya sa ake ajiye su a alkuki. Maɓallan kuwa tun kafin 1938 suka lotsa. Ba sai masani ya gaya mini wannan ba.

Lahadi, 18 ga Oktoba, ɗaya na rana

Tess ta gaishe ni a ƙofar coci, ta tambayi Nuala. Na ce tana lafiya. Ta ce ta ji na je Ennis. A ƙauyen nan ko atishawa mutum ya yi sai an kai rahoto.

Ranar Alhamis ɗin nan da ba zan rubuta ba, sautin ya fito sarai. Ko maɓalli ɗaya bai sarƙe ba. Sai yanzu na tuna.

Talata, 20 ga Oktoba, sha biyu na rana

Ba wasiƙa. Ba ni zan fara rubutawa ba. Uwa ba ta neman gafarar 'ya a kan gaskiya.

Alhamis, 22 ga Oktoba, shida da rabi na yamma

Ban san ta inda zan fara ba. Zan rubuta yadda ya faru.

Na koma wurin Mista Considine, na sami konsatinar a warware a kan tawul, kusoshin a jere cikin faranti. Ya fara nuna mini harsunan ƙarfen da ke ba da sautin, ya ce na asali ne duka, ba wanda aka taɓa sauyawa, kuma nan rabin darajar take. Sannan ya juya wani faifan katako mai kusurwa shida, ya kunna fitila, ya miƙa mini gilashin ƙara girma. Ya ce masu gyaran da suna da al'ada, duk wanda ya buɗe konsatina yakan rubuta aikin da ya yi da kwanan wata da fensir a ciki, don wanda zai buɗe bayansa. Ya san wannan hannun, na marigayi Jamesie Moroney ne, mai gyaran agogo a Kilrush.

Na kwafa a bayan ambulan:

Disamba 1938, sabon zugazugi, na N. Lillis.
Mayu 1947, auduga.
Agusta 1955, an daidaita sauti.
Maris 1963, sabon maɗauri.
1971, auduga da waya.
Yuni 1978, an daidaita sauti. Nonie ta ce ta fi da daɗi.

Nonie Lillis uwata ce.

A ƙasan duka akwai layi ɗaya da wani hannu daban. Yuli 1981, maɓalli biyu, N.H. Ba sai da gilashi ba. Ni na koya wa wannan hannun rubutu a kan teburin kicin, da rula a gefe.

Ya nuna mini maɗaurin fatar kuma. Bayan ramukan da aka yi shi da su, an huda wani da ƙusa can ciki, daidai hannun yarinya 'yar shekara bakwai.

Ya kawo mini kujera da ruwa. Ya ce wani mai saye a London zai ba da fam ɗari shida, ƙila fiye, zai rubuta masa yau. Kuɗin saniya mai kyau ke nan. Na ce to. Ban san me na ce wa to ba.

Juma'a, 23 ga Oktoba, tara na safe

Disamba 1938. Wata ɗaya kacal bayan rantsuwar.

Juma'a, biyar na yamma

Na bi Senan har wurin shanu, na ajiye ambulan a kan bokitin da ya kife. Ya karanta, ya cire hula, ya mayar.

Na tambaye shi yaushe. Ya ce Alhamis. Na ce wace Alhamis. Ya ce duka.

Da zarar bas ɗin sha ɗaya ta ɗauke ni zuwa ɗinkin coci, sai Mama ta wanke hannu ta sauko da ita. Shi ke ture tebur jikin bango. Tess takan shigo da burodi, wani lokaci da 'yan gidan Downes, su yi rawa a kan daɓen kicin ɗina. Daɓen da nake gogewa kowace Juma'a ina faɗa a kan sawun takalmansa. Nuala kuwa daga makaranta take shigowa da gudu, ta zauna a kan ɗan benci kusa da kakarta, wadda take kira Nana. In ana buƙatar gyara, shi ke kai ta Kilrush cikin buhu ranar kasuwar shanu.

Na ce wa ya hana a gaya mini.

"Ba wanda ya hana, Cepta. Ba wanda ya gaya miki ne kawai."

Na ce shekara talatin ina kwana ɗaki ɗaya da maƙaryaci. Ya ce bai taɓa yi mini ƙarya ba, don ban taɓa tambaya ba. Sai ya ci gaba da zuba ciyawa.

Asabar, 24 ga Oktoba, goma na safe

Na goge daɓen. Ban san me ya sa ba, jiya ne ranarsa.

Litinin, 26 ga Oktoba, huɗu na yamma

Na je gidan Tess da niyyar in gaya mata abin da ake kiran mace mai shiga gidan mutane a ɓoye. Ta riga ni, ta ce in zauna kafin in fashe, ta ɗora buta.

Ta ce ham ɗin Pakie ba gaisuwa ba ce. Yana busawa a gada don su sami minti biyar na mayar da tebur. Kafin Pakie, babansa ne ke busawa. Sau ɗaya ham ɗin ya lalace, na shigo na same su duka a durƙushe suna jan carbi, suna haki, na yaba musu har na faɗa wa matan coci. Tana ba ni labarin tana dariya har da hawaye. Ban ga abin dariya ba.

Na ce ashe duk ƙauyen nan sun mayar da ni abin wasa. Ta ce a'a, sun mayar da ni ɗan sanda ne, kuma ni na nemi aikin.

Sannan ta daina dariya. Ta ce a watan Satumba, da Mama ta ga ƙarfinta na tafiya, ta sa Nuala ta yi mata alkawari za ta yi mata kiɗa sau ɗaya kafin a fita da ita daga gidan. Tess na wurin.

"Cika alkawari yarinyar take yi, Cepta, lokacin da kika ɗaga mata hannu. Kuma ranar Alhamis ce."

Ban sha shayin ba.

Talata, 27 ga Oktoba, sha biyu na rana

Ba wasiƙa.

Laraba, 28 ga Oktoba, biyu na rana

Zan rubuta wannan sau ɗaya.

Ina da shekara tara. Fadan da muke da shi a lokacin ya shigo ajinmu, ya ce an yi rawa a wani gida ranar Lahadi ba da izini ba, kuma yaron da ya san gidan ya yi shiru ya yi tarayya a zunubin. Na ɗaga hannu. Ya ba ni ɗan hoton Waliyyiya Teresa, har yanzu yana cikin littafin addu'ata. Da yamma ya zo gidanmu da sandarsa, ya soke zugazugin a kan tebur. Ranar Lahadi ya kira sunan Mama daga kan mumbari, tana zaune a layi na uku, ni a gefenta.

Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Da muka dawo gida ta kwance mini ƙyallen da ke ɗaure gashina, ta ce na faɗi gaskiya, kuma ba zan ƙara jin wannan abin a gidan nan ba.

Na daɗe ina juya maganar. Ban sami wurin da ta rantse ba. Ni na ƙara rantsuwar, ban san yaushe ba. Abin da ta ce shi ne ba zan ƙara ji ba, kuma ban ƙara ji ba.

Na yi abin da aka koya mini. Har yau ban ce yarinya ta yi ƙarya ga fada ba. Amma uwata ta shekara arba'in da uku tana jiran in fita daga gida.

Alhamis, 29 ga Oktoba, bakwai na yamma

Na je ɗinki. Na ɗinke hannun riga a baibai, sai da Misis Frawley ta warware. Na dube su ɗaya bayan ɗaya ina tunanin su wa suka sani. Da muka iso gada na kafa wa ƙeyar Pakie ido. Kunnuwansa suka yi ja.

Asabar, 31 ga Oktoba, sha biyu da rabi na rana

Wasiƙa ta zo, amma daga Ennis. Mai sayen nan na London ya ce ɗari shida da hamsin, yana son amsa kafin ƙarshen mako mai zuwa. Mista Considine ya ƙara da cewa ya kamata in sani, in za a tura ta wasu masu saye sukan goge rubutun ciki don ta yi kamar ba a taɓa ta ba, kuma ba zai iya hana hakan ba.

Senan ya ga takardar a kan tebur, bai taɓa ta ba.

Litinin, 2 ga Nuwamba, uku na rana

Ranar addu'a ga matattu a coci. Na kai furanni kabari. Na durƙusa, na kasa samun abin da zan ce mata. Wadda na sani ba ta son hayaniya, tana kwanciya da wuri. Wadda Tess ta sani tana buga ƙafa har faranti na rawa a kan kanta. Ban san wacce ke ƙarƙashin ƙasar nan ba.

Addu'ar wata ranar Asabar ce. In Nuala ba ta zo ba, ba za ta ƙara zuwa ba. Na san ta, halina gare ta.

Laraba, 4 ga Nuwamba, sha ɗaya na safe

Na fara wasiƙa sau huɗu. Duk ta uku sai ta koma wa'azi.

Alhamis, 5 ga Nuwamba, takwas na yamma

Na sauka Ennis, na ce wa Mista Considine ya ɗaure ta, ba na sayarwa. Ya ce ya riga ya ɗaure tun Litinin. Ban so wannan sanin ba. Na biya shi ladan aikinsa, na hau bas ɗin Limerick.

Rabin yini Nuala take yi ranar Alhamis a kantin maganin da take aiki. Ɗakinta na hawa na uku, a saman kantin wani mai sayar da kifi. Kofuna huɗu ba wanki, tufafi a kan kujera, gado ba gyara. Na gani, ban ce komai ba, kuma Allah ya san abin da wannan ya ci mini.

Ta buɗe ƙofa ta tsaya. Ta rame. Na ajiye jakar a kan gado, na ce ta London ce, an ƙera ta kafin 1900, ta kai fam ɗari shida da hamsin, kada ta ajiye ta kusa da taga don ɗakin akwai danshi. Abin da na shirya a bas ba shi ne wannan ba, amma shi ya fito.

Ta ce ta san ko ta ina ce. Ta zaro ta daga jakar, ta sa hannu a maɗaurin, ba ta ja ba.

Na ce na ga rubutun ciki. Na ce Tess ta gaya mini alkawarin. Na ce hannun da na ɗaga mata, ban ɗaga shi a kan gaskiya ba. Iyakar abin da na iya ke nan.

Ta daɗe tana kallon maɓallan. Ta ce Nana ta hana kowa ya gaya mini, ba don tsorona ba. Cewa ta yi in na sani zan tuna ajin nan, kuma ta ga na sha wahalar abin ya isa. Ashe Senan ma bai faɗa mini duka ba.

Sai ta ce, "Mami, bas ɗinki ƙarfe huɗu ne. In jira ki tafi, ko kuwa?"

Na kwashe tufafin daga kan kujera na zauna. Ban cire kwat ba.

Ban san sunan abin da ta kaɗa ba. Mai sauri ne, ba irin na makoki ba. Tana karkata kai gefen hagu, bakinta a ɗan buɗe, kuma wannan ba nata ba ne, na san wurin wadda ta ɗauko shi, na gan shi ina 'yar shekara takwas. Bas ɗin huɗu ta tafi ba ni. Na hau ta shida, Senan ya zo gada da fitila.

Ba ta rungume ni ba, ban kuma zaci haka ba. Ta rako ni har matakala. Ta ce za ta zo ranar Asabar, kuma bayan sujada za ta yi kiɗa a bakin kabarin, ta gama abin da ta fara. Ta ce ba izini take nema ba, tana gaya mini ne don kada in ji a bakin Tess.

Na ce ta sa siket mai tsawo.